Facin Tukunyar Iya Sailuba

Ranar da aka gano tukunyar Iya Sailuba ta ɓace, kafin a aiko a kira ni mutanen Kwarbai sun riga sun gama shari'arsu. Sun kama ɓarawo, sun karya masa hannu, sun kuma tattake mini duk wani sawu da ke ƙofar gidan. Da na iso babu abin da na tarar sai taɓo da ƴan kallo. Na ce musu da garken jakai ne ya wuce ta nan da ya fi su barin abin dubawa, don ni ban iya haɗiye magana ba.

Sunana Bahago. Bin sawu na gada wajen ubana, wanda maharbi ne. Saniya ta ɓace, an haura katanga, an kwashe kaji, ni ake nema. Mutanen cikin birni ba sa sona, suna dai buƙatata, ni ma kuma haka nake da su.

Tukunyar nan ba ƙaramar aba ba ce a unguwar. Ƙatuwa ce ta dalma, mai kauri, marigayi mijin Iya ne ya zo da ita daga fatauci tun kafin a haifi rabin masu ihun nan. Suna, biki, sadakar mamaci, duk a cikinta ake dafawa, kuma Iya ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Abin da kawai ta yi shi ne ta sa maƙeri ya sara mata alama kamar ƙafar kaza a kusa da kunnen tukunyar, don kada ta shige gidan wani ta ƙi fitowa. A ƙasan alamar akwai faci mai ƙusa uku, inda ta taɓa tsagewa. A ranar, matan gidan Inuwa mahauci ne suka zo aro, don matarsa ta haihu ana shirin suna. Aka shiga ɗakin tarkace, babu tukunya, sai murfi jingine da bango.

Wanda suka kama shi ne Dogara ɗan gwangwani. Baƙauye ne, ya shigo birni da matarsa da ƴaƴansa ya kama ɗaki a ƙarshen layin. Shekarun nan ne na tsadar SAP, lokacin da babu mai yar da komai. Dogara yana zagaye da amalanke, ya karɓi tsohuwar kwalba, gwangwanin madara, fasasshiyar roba, tukunyar da ta huje, ya ba mata sabulu ko cokali a madadinsu. Kwalba ta tafi wajen masu man gyaɗa, gwangwani wajen masu fitila da mazurari, dalma wajen masu zubi. Kowace mace a Kwarbai ta ci amfaninsa. Amma jiya an gan shi ya wuce da amalanke a lulluɓe da buhu, kuma shi ke sayen dalma, kuma ba ɗan gari ba ne. Wannan ya ishe su. Inuwa ne ya sauke masa taɓarya a hannun dama.

Mai Unguwa ya kulle Dogara a zaurensa, wai don kada a kashe shi. Ya ce mini ba ɓarawo yake so in nemo ba, ɓarawo yana hannu, kayan kawai zan gano inda ya ɓoye. In aka yi suna ba a ga tukunya ba, Dogara ya tafi hannun ƴan sanda, iyalinsa kuma su kwashe tsummokaransu su bar unguwa. Na ce ranka ya daɗe, ni abin da ƙasa ta faɗa mini shi nake faɗa. Ya ce to in je in yi ta hira da ƙasar.

*

Iya Sailuba ta sa matan gidan suka shige ɗaki, aka yi mini iso. Tsohuwa ce ƴar siririya mai kaifin baki, idonta ya yi ja don kuka. Ɗanta Ɗahiru ne ya raka ni ɗakin tarkacen. Shi kaɗai gare ta namiji. Yana aiki a wata masaƙa a Kaduna aka sallame su, ya dawo gida yana zaman shiru. A duk taron ranar shi kaɗai na ji an ce ya shiga tsakani, shi ya kai wa Dogara ruwa, shi kuma ya kira maɗori. Na ji daɗinsa, har na sa masa albarka.

Ɗakin bai sha tattaka ba, Allah ya taimake ni. Na durƙusa inda gindin tukunyar ya bar da'ira a ƙasa. Gizo-gizo ya yi yana tun daga bango har tsakiyar da'irar, yanar har ta tsufa ta tara ƙudaje busassu. Gara ma ta fara gini a wurin. Tukunyar da aka ɗauka jiya ba ta barin wuri haka. Na tambayi Iya yaushe rabonta da ganinta, ta ce tun sadakar wani maƙwabci, kafin saukar ruwan fari.

A bayan ɗakin katangar ta zaizaye. Can sama na ga baƙin gindin tukunya ya goge jikin jar ƙasa, an ɗora ta an zurara waje. Ta ciki, a gindin katangar, akwai gurbin turmi da aka kifa aka taka. Ta waje kuwa, a ƙarƙashin indararo inda laka ta bushe ta yi tauri, sawu ɗaya ya tsira, na takalmin taya.

Ina tsugune ina dubawa, ashe Inuwa yana tsaye a kaina. Kafin in miƙe ya riga ya kai labari bakin masallaci cewa Bahago ya ga sawun takalmin taya, Dogara kuma shi yake sawa. Maganar yanar gizo da na yi masa kuwa ko a jikinsa. Ya ce ai baƙauyen kullum yana wucewa, in ba jiya ya sata ba, wancan watan ya sata. Wallahi na so in shaƙe shi.

Na je bakin kasuwa wajen mai yanka takalman. Ya kalli zanen da na yi masa a ƙasa ya yi dariya. Ya ce tayar babbar mota ce, daga guda ɗaya yakan fitar da takalma masu yawa, duk zanensu ɗaya. Dogara ya saya, ladan ya saya, leburori sun saya, har Inuwa mahaucin yana da irinsa na shiga kwata. Sawun nan dai bai kama kowa ba, bai kuma wanke kowa ba.

*

Na sami Dogara a zaure, an ɗaure hannun da karare, ya kumbura kamar gwanda. Bai yi mini kuka ba. Ya ce abin da ke ƙarƙashin buhun jiya kwalabe ne, ya rufe don kada rana ta fasa su, ya faɗa musu suna dukansa babu mai ji. Na tambaye shi wa yake kai wa dalma. Ya lissafa mini masu zubi na cikin birni. Sannan ya ce, "Malam Bahago, ni a tukunyar nan aka dafa abincin sunan ɗana. Iya ce ta aiko da ita ba mu roƙa ba. Yaya zan narkar da ita?"

Na zagaye masu zubin duka. Kowa ya rantse bai gani ba, wasu ko amsa sallamata ba su yi ba. Na leƙa buhunan tarkacensu, fistin mota, tsofaffin butoci, guntayen waya, babu komai. Dalma kuma in ta shiga wuta ta fito, uwar da ta haife ta ma ba ta gane ta. Na dawo gida ƙafata ta yi nauyi, raina a ɓace.

Sai na tambayi kaina wa zai ƙaru in tukunyar kyauta ta ɓace. Amsar tana layin baya: Lami mai hayar tukwane. Bazawara ce dattijuwa, ta daɗe tana ƙorafin Iya tana kashe mata kasuwa. Da safe na je, na tarar ana fito da wata ƙatuwar tukunya daga zaurenta, tana walƙiya, za a kai gidan Inuwa. Na ce a ajiye. Na juya ta, sai ga ƙafar kaza a kusa da kunne, ga faci mai ƙusa uku a ƙasanta.

Murna ta kama ni. Na ce shi ke nan, an goge ta da toka da yashi an ce sabuwa ce. Lami ta fito ta yi mini tatas. Ta kira ni mai shinshina kamar kare, ta ce da kuɗinta ta saya a kasuwa, in ina da ƙarfin hali in taɓa mata kaya in gani. Na bar ta tana zuba, ni kuwa na sa farce a gefen facin don in ji bakinsa.

Babu baki. Farcena ya zame ya wuce. Facin da jikin tukunyar nama ɗaya ne. Ƙusoshin ma ba ƙusoshi ba ne, ƙullutu ne kawai masu kama da su. Na duba gindin, ko sau ɗaya bai taɓa hawa murhu ba. Tukunya sabuwa fil, amma da tabon tsohuwa a jikinta.

Na zauna a dakalin Lami, ita tana zagi, ni ina tuno yadda ake zubi. Mai zubi ba ya ƙirƙiro siffa daga kansa. Wata tukunya yake samu ya yi samfuri da ita, ya danna ta cikin ƙasa mai damshi a cikin akwati, ya zare ta, ya zuba narkakkiyar dalma a gurbin da ta bari. Duk abin da ke jikin samfurin, ko ƙwarzanen cokali ne, sai ya fito a jikin sabuwar. Wani mai zubi ne aka kai wa tukunyar Iya don ya narkar, ya ga kyan ƙirarta da kaurinta, ransa ya kasa.

Na ba Lami haƙuri, abin da ban saba ba. Ta ce a rumfar wani Ƙasimu ta saya, mai zubi ne a Gyallesu, bayan ganuwa. Dogara bai ambace shi ba don ba ya kai masa kaya.

*

A rumfar kasuwar na ga wasu biyu, kowacce da ƙafar kazarta da facinta. Na wuce Gyallesu. Ƙasimu gajere ne mai faɗin ƙirji, duk hannunsa tabon ƙuna. Da farko ya ce bai san zancen ba, samfurinsa na gado ne. Na ce to ubansa ne ya sara alamar Iya Sailuba ta Kwarbai a jiki? Na ce masa ƴan sanda ba su da haƙurina, kuma tukwanen suna nan a kasuwa da shaidarsu, ba zai iya bin su gida-gida ya narkar ba.

Ya zauna a kan akwatin zubi ya share gumi. Ya ce da farkon damina aka kawo masa ita a bayan akori-kura, a matsayin tarkace, a kan awo ya saya. Da ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararta, ya ce haram ne a jefa wannan a wuta ba a ɗauki jikinta ba. Ya yi niyyar goge alamar a cikin ƙasar zubin, sai ya ga masu saye suna son ta haka, wai ta yi kama da ta dā. Na ce ina take yanzu? Ya sunkuyar da kai. Jiya da labari ya iso cewa an karya wani a Kwarbai a kan tukunya, tsoro ya kama shi, ya farfasa ta ya zuba a wuta.

Wato ya ji ana kashe bawan Allah a kan abin da ke ɗakinsa, abin da ya fara tunawa shi ne ya hura wuta. Na faɗa masa abin da nake gani game da shi da irin tarbiyyarsa, ba zan maimaita a nan ba. Sannan na tambaye shi wa ya kawo. Da ya kwatanta mini mutumin, har da sunan da direban ya kira shi da shi, sai da na nemi wuri na zauna ni ma.

*

Bayan la'asar, ana gobe suna, Mai Unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Unguwa ta cika, yara har kan katanga. Aka fito da Dogara aka zaunar a ƙasa. Ga Inuwa yana huci, ga Lami ta sha ɗamara, ga Ƙasimu kamar an tsamo shi daga rijiya. Iya Sailuba ta zo da mayafinta, Ɗahiru yana riƙe da murfin da na ce a zo da shi.

Na sa aka jera tukwane uku. Na roƙi Iya ta nuna tata. Ta shafa ta farko, yatsanta ya faɗa kan alamar, ta ce wannan ce. Taro ya ɗauki ihu ya juya kan Lami. Na ce a dakata, Iya ta duba ta biyu. Ta shafa, ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta uku ko taɓa ta ba ta yi ba.

Na karɓi murfin na ɗora a kan kowacce. Bai zauna ba, ya ɗan fi bakinsu faɗi, don dalma tana tsukewa in ta huce. Na bayyana musu yadda abin ya faru, a taƙaice, don ba su cancanci dogon bayani ba. Na ce tukunyar ta bar gida tun farkon damina, ta kan katangar baya, kuma wanda ya ɗaga ta daga cikin gida ya taka turmi. Sannan na ce Ƙasimu ya nuna wanda ya kawo masa.

Bai ɗaga kai ba. Hannu kawai ya miƙa wajen Ɗahiru.

Ɗahiru bai musa ba, bai gudu ba, leɓensa ne kawai ke motsi. Ɗazu-ɗazu mutanen nan suna neman taɓarya, yanzu kowa ya sami abin kallo a ƙasa, saboda wannan ɗan gida ne, an san ubansa, an san kakansa.

Iya ta dubi ɗanta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyara mayafi ta juya wajen Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, ni na ba shi. Na ce ya kai a sayar, ta tsufa. Tsufa ne ya sa na manta."

Na ce, "Iya, wanda aka ba kaya ta ƙofa yake fita da su, ba ta katanga ba."

"Gidana ne, Bahago. Ta inda na ga dama kayana ke fita."

Ai kuwa sai ka ji numfashi ya dawo wa unguwa. Mai Unguwa ya yi hamdala, ya ce tunda mai kaya ta ce ba a yi mata sata ba, to babu sata, babu ɓarawo, kuskure ne aka yi irin na ɗan Adam. Inuwa ya ce shi ma ai zafin zuciya ne, kowa ya san halin wanda ke da mai jego a gida. Wani ya ce Allah ya kiyaye gaba, aka amsa da amin mai ƙarfi. Na yi magana, na ɗaga murya, na ce hannun mutumin nan fa? Maɗori ya riga ya ce yatsun ba za su sake damƙar komai ba. Aka ce Bahago ka cika baƙin rai, ana gyara kana ɓatawa. Mai Unguwa ya ce Dogara ya tashi ya tafi gida, babu mai korarsa, a yafi juna.

Dogara bai ce ya yafe ba. Aka maimaita masa, ya yi kamar bai ji ba. Mutane suka fara watsewa suna gunaguni, wai ka ga baƙauye da riƙo, an sake shi ko godiya babu.

Ina kusa da shi ina taimaka masa ya miƙe, sai ga Iya ta ratso ta gabanmu. Ta tsaya kamar mai gyara takalmi. Ta yi ƙasa da murya yadda daga ni sai shi za mu ji, hawaye na bin fuskarta.

"Ɗan nan, ka yafe wa yarona. Shi kaɗai gare ni."

Dogara ya dube ta. Ba da tsawa ya yi maganar ba, da ladabi ya yi ta, yadda ya saba gaishe ta.

"Iya, ga su can ba su yi nisa ba. Ki faɗa da ƙarfi su ji abin da zan yafe. Wallahi kina faɗa zan yafe."

Ta juya ta kalli taron. Ta kalli Ɗahiru da ke tsaye shi kaɗai rungume da murfi. Bakinta ya buɗe, na rantse na ga ya buɗe, har na riƙe numfashina. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama hannun ɗanta suka bi layi.

Washegari aka yi suna, aka dafa a tukunyar Lami, aka ci aka yi ta santi. Tunda ba a kira sunan ɓarawo a gaban jama'a ba, sunan ya zauna inda aka fara ajiye shi. Kafin sati ya zagayo, zancen da ke yawo a zauruka shi ne Iya mai tausayi ce, ta ɗora wa kanta da ɗanta magana don ta rufa wa baƙauye asiri. Dogara ya zauna a Kwarbai har kaka, yana jan buhu da hannun hagu yana kiran gwangwani da kwalba. Duk ƙofar da ya tsaya, sai ka ji wata daga ciki tana ce wa yara su shigo da kwanuka.